Yadda Na Sauke Baba Daga Kan Kekensa

Babana ba ya hawa keke sai ya ƙwanƙwasa shi. Zai fito da shi daga zaure, ya jingina shi da bango, ya ciro makullin ɗakinsa daga aljihu, ya sunkuya ya buga ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, wanda masu gyara ke kira fok. Sau biyu a dama, sau biyu a hagu, ya karkatar da kunne yana saurare. In ƙarfen ya amsa da ƙara mai tsawo, sai ya yi bisimilla ya kama hanya. Haka yake yi wa tukunyar ƙasa in Inna ta aike shi saye, haka yake yi wa kankana, haka yake yi wa jirgin katako kafin ya taka cikinsa. A tsibiri aka haife shi, cikin masunta, kuma a can da kunne ake gane katakon da ya fara ruɓewa. Mu 'ya'yansa dariya muke yi masa. Ni ne ma kan gaba, don ni ne na yi boko har na zama malamin makaranta a nan Yelwa, kuma ba na son ɗalibaina su wuce su ga uban malam yana hira da keke a ƙofar gida.

Keken ba na ado ba ne. Na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Kwatano, firam ɗinsa ƙarfe zalla, fentinsa ya daɗe da barin duniya. Babban aikinsa na ranar Laraba ne. Baba yana da yaya mace, Gwaggo, wadda ta yi aure a tsallaken ruwa tun kafin ruwan dam ya haɗiye tsibirinsu a kwaso su Baba a kawo wannan gefen. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Idanunta sun mutu shekaru da yawa, ba ta iya shiga jirgi, saboda haka shi ne mai zuwa. Yakan fita bayan sallar asuba, ya gangara bakin ruwa, ya ɗaga keken da hannunsa ya sa a jirgi, a ƙetare, ya sake ɗagawa ya sauke, sannan ya tuƙa ta cikin gonakin albasa da shinkafa har ƙauyensu. Da hantsi yana can. Su wuni a ƙarƙashin rumfarta, ya yanke mata farce, ya duba mata danga, su yi ta magana da Gunganci, yaren da ni ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa. Da ya yi la'asar sai ya juyo don ya samu jirgin ƙarshe. Ban san Larabar da ya taɓa fasawa ba, sai dai in ta faɗa ranar salla, ita ma sai ya rama da Alhamis.

Ruwan da ke kwanciya a cikin jirgi shi ya fara cin fok ɗin, tsatsa ta kama ƙafafunsa daga ƙasa. Ga shi ya sha karo: sau ɗaya da kututture, sau ɗaya da ɗan maraƙin Fulani, sau ɗaya da wani rami da Baba ya rantse makon jiya babu shi a wurin. Duk lokacin da ya lanƙwashe sai a kai wa mai gyaran keke na bakin kasuwa, tsohon abokin Baba ne, ya cire shi, ya gasa a wutar gawayi, ya zura masa bututu ya miƙar, ya rufe ido ɗaya ya auna. A karo na huɗu ya ce shi kam ya gama. Ƙarfen ya gaji, in aka ƙara gasa shi yana iya ɓallewa a hanya, sai dai a sa wani.

Kafin wannan da mako biyu, wata safiya na raka Baba bakin ruwa, ina neman kifi. Na ga ya sunkuya ya ɗaga keken kamar kullum, amma kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Keken ya dawo ya bugi bakin jirgin. Mai jirgin ya miƙo hannu, Baba ya ce masa, “Bari.” Ya juya ya ɗaga da hagu, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta fito, har ya sa shi ciki. Ya zauna yana kallon ruwa kamar ba abin da ya faru. Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji haushin taurin kansa. Tun daga ranar nauyin keken nan ya tsaya mini a zuciya.

Shi ya sa ranar da za a sauya fok ɗin na ce ni zan saya, na kuma bi shi har rumfar mai gyaran. Mutumin ya fito mana da guda biyu. Ɗaya na ƙarfe ne, sabo, baƙi, mai kauri. Ɗayan kuma ya jawo shi daga ƙarƙashin benci, a naɗe cikin buhu. Ya ce daga jikin wani keken tsere ya cire shi, wanda bayansa ya murƙushe a hanyar kawowa, kuma wuyansa ya zo daidai da firam ɗin Baba. Na kabon ne, wani irin abu mai ƙwari da ba ƙarfe ba. Na ɗauka, sai na ji kamar karan dawa na ɗauka. Dama na taɓa karanta labarinsa a waya, kuma ni in na karanta abu a waya, sai Allah.

Mai gyaran bai ɓoye mini komai ba, wannan shaida zan yi masa ko a gaban wa. Ya ce, “Malam, bari in hwaɗa maka gaskiya. Wanga na ƙarhe shina da nauyi, kuma shina tsatsa. Amma in ya ji ciwo kana gani da idonka, lanƙwashewa shikai, ka kawo man in miƙe. Wanga kuwa ba shi tsatsa, ba shi da nauyi, hannu ba shi girgiza bisa gargada. Sai dai ba shi lanƙwasa. In ya tashi tahiya, lokaci guda shika tahiya, kuma ni ban iya gyaranai. Ko wuta ba a kai shi kusa da ita.”

Ya ƙara da cewa tayar Baba mai faɗi ba za ta shiga tsakanin ƙafafunsa ba, sai an sa siririya, kuma kwandon gaba ba shi da inda za a ɗaure shi. Duk na ji. Amma abin da ya shiga kunnena uku ne, ba tsatsa, ba nauyi, ba girgiza.

Baba ya matso kusa. Ya ciro makullinsa ya buga na ƙarfen, ya amsa masa har mai shayin gefe ya waiwayo. Ya buga na kabon, ya yi wani ɗan ƙwas kamar an taɓa busasshiyar ƙwarya, ya yi shiru. Ya sake bugawa a ɗaya ƙafar, ya sake a sama.

Ya ce, “Wanga bebe na.”

Na ce, “Baba, ai ba ƙarfe ba ne, shi ya sa. Amma ya fi ƙarfe ƙwari. Da irinsa ake ƙera jirgin sama.”

Ya ce, “Ni ba sama za ni ba, tsallake za ni.”

Duk rumfar aka yi dariya, har da ni. Amma ban bari ba. Na rataya fok ɗin a yatsa ɗaya na ɗaga sama, ina ta washe baki kamar ni na ƙirƙiro shi. Na sa masa a hannu, na karɓe, na sa masa na ƙarfen don ya ji bambanci, na yi masa maganar kafaɗarsa, na yi masa maganar tsatsa. Darasi guda na yi a rumfar nan, allo kawai ya rage. Baba ya daɗe yana kallona, ba fok ɗin yake kallo ba. Daga nan ya juya ga abokinsa ya ce, “Sa wanda shika so.”

Aka sa. Aka cire kwandon, aka sauya taya, tsohon fok ɗin aka jefa shi cikin tarkacen da ake tara wa 'yan gwangwan. Baba ya hau a gabana, ya tuƙa daga rumfar zuwa bakin masallaci, hannuwansa a sanƙare, ya sauka ya turo shi ya dawo. Ya ce, “Ba nauyi.” Na ɗauki wannan a matsayin godiya.

Cikin makon na wuce ta ƙofar masallacin unguwarmu bayan la'asar, na iske tsofaffi sun kewaye keken, kowa yana ɗaga gabansa da yatsa. Na ji muryar Baba yana cewa, “Ɗana yas sayo man. Na jirgin sama na.” Ban tsaya ba, na wuce kamar ban ji ba, amma ranar da ƙyar kaina ya shiga ƙofar gida.

Farkon damina ke nan. Laraba ta ci gaba da zuwa, Baba yana fita a lokacinsa, yana dawowa a lokacinsa. Dama dattijo ba ya hawa keke a cikin lungu, tura shi yake yi yana gaisawa da maƙwabta har ya fita titi, saboda haka ban taɓa lura da cewa na daina ganinsa a kan sirdi ba. Abu ɗaya na lura da shi: ya bar ƙwanƙwasawa. Zai fito da keken ya wuce kawai. Na yi murna da wannan, Allah ya yafe mini. Na ce a raina ashe dai tsoho ma yana wayewa.

Bayan wata biyu Inna ta tare ni a tsakar gida, tana riƙe da takalman Baba. Ta ce, “Kai, dubi takalmin babanku. Wata biyu ya huje.” Na juya su na ga dunduniyar ta cinye har ana hango ƙasa. Na yi tsaki na ce kayan yanzu ba su da inganci, washegari na sayo masa wasu masu kaurin ƙasa. Bayan wani lokaci ta sake tare ni ta ce gwiwarsa ta kumbura, duk daren Alhamis sai ta dafa ruwa ta gasa masa. Na sayo man zafi, na ce tsufa ne, Allah ya sa mu kai. Inna ta bi ni da irin kallon da take yi wa akuyar da ta shigar mata madafa, ta karɓi man ta shige ɗaki. Daga baya na san cewa ta gane, hana ta magana aka yi.

Sai da aka fara yankan shinkafa, wata biyar cif, sannan mai jirgin nan ya same ni a kasuwar kifi. Ya ja ni gefe ya ce Gwaggo ta ce in zo, ni kaɗai, kuma kada ya zama ranar Laraba. Na zaci jikinta ne. Ran Asabar na ƙetare, na hau kabu-kabu daga bakin ruwa. Rabona da hanyar ya fi shekara uku. Na manta tsawonta, na manta rairayin da ke tsakiyarta, inda har babur sai da muka sauka muka tura.

Na iske ta a ƙarƙashin rumfa, 'yar tsohuwa ƙarama, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta shafa har gwiwar hannu, ta ce na yi ƙiba, alli yana karɓata. Ta tambayi Inna, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ture kwanon gyaɗar gefe.

Ta ce, “Mi kay yi ma keken ƙanena?”

Sai na gyara zama na fara. Kabon, rashin nauyi, kafaɗa, tsatsa, jirgin sama, ban bar komai ba. Ta bar ni har na ƙare.

Ta ce, “To, na ji. Ni ban gani, amma ina ji. Da can in ya taho, ƙararrawa nika hwara ji tun daga bakin rijiya, sannan birki, sannan ƙahwa guda ta sauka ƙasa. Yanzu ƙahwa biyu nika ji suna jan ƙasa, keken na gehe shina ƙis-ƙis. Tun hwarkon damina bai hau shi ba. Turo shi shikai tun daga bakin ruwa hal nan.”

Na ce ba zai yiwu ba. Na ce ai a kan lokaci yake fita, a kan lokaci yake dawowa, ko sau ɗaya bai taɓa rasa jirgin ƙarshe ba.

Ta ce, “Ina kaka zaton shika samo lokacin? Wurina shika ɗiba.”

Ta gaya mini yadda Larabarsu ta koma. Sai rana ta take tsaka yake isowa, ya zube a kan tabarma, ta ba shi ruwa, ya ɗauki lokaci kafin numfashinsa ya dawo har ya iya magana. Ya ɗan taɓa abinci, ya yi azahar, ya miƙe. Wunin da suke yi ya koma abin da bai fi a dafa shinkafa a sauke ba. Ta miƙo mini hannuwanta, na ga faratanta sun yi zaƙo-zaƙo. Akwai jikoki cike da gidan, amma ba ta yarda kowa ya kusance ta da reza sai shi.

Na ce, “Gwaggo, to me ya hana shi hawa? Lafiyar abin nan ƙalau.”

Ta ce, “Ya ce ba shi hawan abin da ba shi jin lahiyatai. Ya gwada sau biyu cikin gona, ya ce zuciyatai na bisa tayar gaba, jira kawai shikai ta tahi ta bar shi. Na ce to ka sa a canza. Ya ce kai kas sayo, kuma ya riga ya nuna ma mutane. Na ce ka bar keken gida ka hau babur. Ya ce in ya bar shi gida za ka gane.” Ta ƙara da cewa, “Ya hana ni hwaɗi. Na yi mai shiru wata biyat. Sannan na tuna ni ta babba.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Kunya ce ta fi yawa, amma akwai fushi a ciki, har da shi Baban nake fushi da shi. Gwaggo ba ta rarrashe ni ba. Ta jawo kwanon gyaɗarta ta ci gaba, ta ce in na huta in tafi da wuri, hanyar da nisa.

Na sallami ɗan kabu-kabun da ke jirana, na ce da ƙafa zan koma. Ina so in san abin da na saya wa ubana. Ni da ban kai hamsin ba, ba na tura komai, sai da na zauna sau uku. A wani kwari inda laka ta bushe ta tsage, na ga sawun siririyar taya ya miƙe, a gefensa sawun takalmi mai kaurin ƙasa, na dama ya fi nutsewa ta gefe ɗaya. Na san takalmin, ni na zaɓo shi. Da ƙyar na samu jirgin ƙarshe, tafin ƙafata duk ya tashi.

Washegari na ce wa Baba zan kai keken a duba birki. Mai gyaran yana hango ni ya tashi, bai tambaye ni komai ba, ya miƙa hannu saman rumfa ya sauko da sabon fok ɗin nan na ƙarfe da na ƙi saye. Ya ce ajiye shi ya yi, mutum biyu sun nema ya hana. Ashe mai jirgi ya gaya masa tun da damina. Ashe mai shayi ma ya sani. Duk bakin ruwa an san uban malam yana tura keke, malam ne kaɗai bai sani ba.

Na ce, “Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

Ya ce, “Na hwaɗa maka ranar hwarko, Malam.”

Ya cire na kabon ɗin, ya goge shi da tsumma, ya ɗaga shi a rana yana juyawa, ya bi shi da farce daga sama har ƙasa. Ko ƙwarzane babu. Ya ce, “Lahiya lau shike. Da ya hau shi, ƙila shi kai shi shekara goma.” Wannan maganar ta fi yi mini ciwo a kan da a ce ya sami tsaga. Da na ce kaya ne suka cuce mu. Aka mayar da taya mai faɗi, aka ɗaure kwandon, na turo keken gida ina jin nauyinsa a hannuna.

Baba yana zaune a zaure. Ya dubi gaban keken, ya dube ni. Ya ce, “Yaya ta aiko maka.” Ya tashi ya ciro makulli, ya sunkuya da ƙyar yana dafe da gwiwa, ya buga. Ƙarar ta cika zauren. Ya buga ɗaya gefen. Sai na ga fuskarsa ta saki, irin yadda ban gan ta ba tun kafin damina. Ya ce bayan la'asar mu je filin bayan makaranta, can babu mutane.

Muka je. Ya kama kan keken, ya ɗora ƙafar hagu a feda, ya tura sau biyu kamar yadda ya saba, ya ɗaga ta dama don ya ƙetara sirdi, ta ƙi kaiwa. Ya sauko. Na kwance sirdin na yi ƙasa da shi, na kai keken kusa da wani dutse, ya taka dutsen ya hau. Na riƙe kariyar ɗora kaya ta baya ina turawa, kamar yadda ya yi mini ina yaro. Ƙafar hagu ta zagayo. Da fedar dama ta taso sama, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, na ji ya ja numfashi ta haƙora, kan keken ya karkace, na tare shi da ƙirjina. Muka sake. Muka sake na uku. A na ukun bai ma jira fedar ta taso ba, ya sa ƙafa ƙasa ya tsaya yana kallon tayar gaba. Sannan ya sauka a hankali, ya miƙo mini kan keken.

Ya ce, “Keken lahiya lau. Kai shi ciki.”

Na kai shi asibiti cikin makon. Aka ce gwiwar ta cinye, kuma doguwar tafiya cikin rairayi ta ƙara mata sauri. Ba zan ce ni kaɗai na cinye ta ba, tsufa yana da hannu. Amma na san mutumin da na raka rumfar mai gyara a kan kekensa ya je, kuma ni na sauke shi.

Sai aka koma babur ɗina. Da yake ina aji ranar Laraba, ziyarar ta koma Asabar. Bai yi musu ba, ya dai ce zai aika a gaya mata. Mutum huɗu ke ɗaga babur su sa a jirgin inji, Baba yana tsaye a gefe hannunsa a baya. Bai taɓa zama a bayan wani ba a rayuwarsa, kuma ko sau ɗaya bai riƙe ni ba, kariya yake kamawa ta baya, ya miƙe wuya kamar wanda aka kama za a kai kotu. Ranar farko da muka tsaya a ƙofar gidan, na ji muryar Gwaggo daga ciki tana cewa, “Wa anka kawo man da ruri haka?” Baba ya amsa mata da Gunganci, ta yi dariya har da tari.

Nakan bar su in koma gindin mangwaro in zauna. A nan na ga abin da ake nufi da wuni. Ya yanke mata farce ɗaya bayan ɗaya, tana yi masa faɗa wai ya cika zurfafawa. Suka yi gardama mai tsawo a kan wani abu, daga baya na tambaya ya ce a kan wane gefen gidansu na tsibiri ne tsamiya take. Wani lokaci ba sa ma magana. Ta yi barci a zaune, shi yana kore mata ƙuda da hularsa. Babu wani abu babba a ciki, kuma shi ne abin da na ɗebe musu har wata biyar ina yawo da kai a sama.

Asabar shida muka samu. Gwaggo ta rasu wata Laraba da hantsi. Jikarta ta ce tun da safe ta sa aka shimfiɗa mata tabarma biyu a rumfa, ta manta an sauya rana. Ina cikin aji aka kira ni. Kafin in ɗauko Baba, kafin jirgi ya cika, kafin mu ratsa rairayin nan, mun iske mutane suna dawowa daga maƙabarta. Baba ya sauka daga babur ya tsaya a bakin hanya suna wucewa suna yi masa gaisuwa, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ba ta ko rawa.

Muka yi kwana uku a can. Ranar dawowa muna cikin jirgi, mun yi nisa daga gaɓa, ba kowa kusa da mu sai buhunan albasa, na kasa riƙe abin da ke cina.

Na ce, “Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba? Kalma ɗaya, da a ranar na sa an canza shi.”

Ya kai dubansa ga ruwa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ranan nan ka rataya shi ga yatsa kana dariya, kana kirana in gani. Tun kana ƙarami rabon da ka taɓa kekena da murna. Sai nic ce bari in bar ma yaro abinai.”

Shekara biyu ya ƙara a duniya bayan wannan, bai sake ƙetare ruwan ba. Duk tsawon lokacin ina jira ya yi mini faɗa a kan maganar ko sau ɗaya, bai yi ba.